Kakana, Wanda Ya Hana a Ce Masa Baba a Bakin Ruwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kakana na wajen uwa ya rasu da hantsi a ɗakinsa da ke unguwar Sa'alaba a Jidda, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Aka sallace shi bayan la'asar, aka kai shi. Kafin magariba an shimfiɗa dardumai a lungunmu, an jera kujeru, an jawo fitilu daga gidan maƙwabta.

Mu mata muna ciki. Ni aka bar wa wanke kofunan gahawa, kuma tagar kicin ɗinmu a kan lungun take, don haka abin da sauran mata suka ji sama-sama ni na ji shi sarai. Dattawan unguwa suka zo suka yi yadda aka saba: Allah Ya jiƙan Alhaji, Allah Ya sa ya huta. Sai ga wata bas ta tsaya a bakin titi, ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka sauko, wasu ko rigar aiki ba su cire ba. Da Hausawa, da 'yan Chadi, da 'yan Yaman, da 'yan Bangaladash. Mafi yawansu samari ne, sa'annin yayana. Suka bi layi suna dafa kafaɗar mahaifina da ta kawunnaina. Abin da ya tsayar da hannuna a cikin ruwan wanki shi ne, a cikinsu babu wanda ya ce Alhaji, ko Baba, ko Ammi, wato baffa da Larabci. Sunansa na yanka suke faɗa gatsal, kamar sa'ansu ne ya rasu.

Ƙanwar kakata, wadda ta zo daga Makka, ita ma ta ji. Ta kama haɓa.

"Yaya, waɗannan yaran ba su da iyaye ne? Mutum ko kwana bai yi a kabari ba, suna kiran sunansa kamar na ɗan aike."

Kakata tana jingine da bango, carbi a hannunta. Ba ta ɗago ba. "Ƙyale su," ta ce. "Shi ya sa su. Shekaru ya yi yana fama kafin bakinsu ya iya."

Wannan amsar ce ta sa na zauna rubutun nan. Ƙannena sun san shi a matsayin tsohon da ke zama a kujerar ƙofar gida yana raba dabino, kuma ina tsoron nan gaba iyakar abin da za a tuna ke nan. Ban taɓa shiga tashar ba. Abin da na rubuta na tattaro shi ne a kwanakin zaman makoki daga bakin kakata, da mahaifina, da aminin marigayin. Inda maganarsu ta saɓa, na bi ta wanda abin ya faru a idonsa. Sunansa kuwa ba zan rubuta ba, don ni a gida nake, ba a bakin ruwa ba.

Yana yaro iyayensa suka iso da shi ƙasar nan a hanyar aikin Hajji, suka zauna. Tun gemunsa bai fito ba ya shiga aikin ɗaure jirage. Idan babban jirgi ya matso rasif, wato dakalin da jirage ke jingina a jikinsa, ma'aikatan jirgin sukan jefo siririyar igiya, a jawo ta, ita kuma ta jawo babbar, mai kaurin cinyar mutum. 'Yan igiya su ne ke kama ta su rataya a turken ƙarfe, sannan injin cikin jirgin ya naɗe ta har ta miƙe. Kakana ya yi wannan aikin har ya zama shugaban ƙungiyarsu. Tafin hannunsa kamar busasshiyar fata yake. Idan ya shafa kaina sai ɗankwalina ya maƙale a yatsunsa, ya ce, "Kin gani, amarya, ko ɗankwalinki ba ya son rabuwa da ni."

Aikin ya biyo shi gida. Bai taɓa tsallaka igiya ba, ko ta shanya ce ta faɗo ƙasa; zagayawa yake yi. Idan mai tankar ruwa ya zo ya miƙa tiyo zuwa saman bene, sai kakana ya fito da sandarsa ya kore yaran lungu gefe ɗaya, ya tsaya har a gama. Ana yi masa dariya, ba ya kulawa. Yakan ce, "Igiya ba ta san babba ba." Ban fahimci nauyin maganar ba sai yanzu.

Abin alfaharinsa a da shi ne kunnensa. Igiyoyin da ya fara aiki da su na zaren tsiro ne, kuma kafin su tsinke sukan yi wani irin kuka. Aminin nasa ya ce da zarar kakana ya karkata kai ya ce a matsa, kowa matsawa yake, ba a tambaya. Igiyoyi suka canza suka koma na nailan, shi kuwa bai daina yarda da kunnensa ba.

A lokacin ne kamfanin da suke wa aiki ya kafa kwamiti don rubuta ƙa'idojin kare rai a bakin ruwa: inda ake tsayawa, abin da ake sawa, wanda ke ba da umarni idan jirgi yana matsowa. Aka sa kakana a ciki a madadin 'yan igiya. Ya tafi da girman kansa. Da aka zo maganar shata wuraren da igiya ke dukan mutum idan ta tsinke, ya ce ba sai an ɓata fenti ba, shi yana jin ta. Wani injiniya a cikinsu bai yi musu da shi ba. Ya kai su wani fili, aka ɗaura tsohuwar igiyar nailan a inji, aka ajiye durom babu komai a kan hanyarta, su kuma suka koma bayan ragar ƙarfe. Ya ce, "Ya Ammi, da ka ji ta, ɗaga hannu in tsayar da injin." Kakana ya karkata kai ya kasa kunne. Hannunsa na nan a ƙasa durom ɗin ya tashi sama, ya dawo a lotse kamar gwangwanin madara.

Kakata ta ce ranar bai ci abincin rana ba. Can da yamma ya ce mata, "Yau an yi wa kunnena ritaya." Washegari shi ya fara ɗaukar gwangwanin fenti. Wannan na daga cikin abin da ya fi ba ni mamaki a halinsa: abin da ya gina sunansa a kai tsawon rayuwa ne ya rushe a gaban mutane, kuma kwana ɗaya ya ishe shi ya ajiye shi.

Aka rubuta ƙa'idojin, aka liƙa su a harsuna daban-daban. A cikinsu akwai wadda ta ce duk ma'aikacin da ya ga haɗari yana da ikon ɗaga murya ya tsayar da aiki, komai ƙanƙantarsa. Kowa ya ce ta yi kyau.

Ba a daɗe ba igiya ta karya wa aminin kakana ƙafa. Shi ya ba ni labarin da kansa, yana zaune a zauren gidanmu, ƙafar a miƙe don har yau ba ta lanƙwasuwa. Ya ce ya juya wa jirgi baya yana gyara safar hannu, ya taka cikin fentin bai sani ba. Wanda ya fi kusa da shi wani saurayi ne sabon zuwa daga Damagaram, kuma ya ga igiyar tana sirancewa. Saurayin ya ce, "Alhaji." Alhazan da ke wurin duk suka waiwayo, ban da aminin kakana. Sai saurayin ya taho da sauri, ya ɗan rusuna, ya ce, "Gafara dai, Baba." Iyakar abin da ya samu faɗa ke nan.

Da aka tafi da shi asibiti, kakana ya ja saurayin bayan wata kwantena ya tambaye shi, "Ka san sunansa?"

"Na sani."

"Me ya hana ka kira?"

Saurayin ya fashe da kuka. "Sunan mahaifina ne."

Kakana bai daka masa tsawa ba. Saurayin yana tsoron a kore shi, kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya soke masa iƙama, takardar izinin zama, kakana ya je ofis ya tsaya masa. Ya ce yaron bai yi sakaci ba, abin da iyayensa suka koya masa ya yi. Ya kawo shi gida, kakata ta zuba masa shinkafa, ya zauna a kansa sai da ya ci. Aminin nasa kuwa, daga ranar da aka sallame shi daga asibiti har ƙarfin kakana ya ƙare, duk Juma'a kakana ke zuwa unguwar Mahjar ya ɗauko shi zuwa masallaci, suna tafe suna gardama a kan wanda ya fi wani tsufa.

Kakana ya koma wa kwamitin. Ya ce musu dokar tana nan a bango, amma 'ya'yanmu ba za su iya ta ba, domin tun suna rarrafe ake cire musu ita daga baki. Ya nemi a ƙara abu biyu. Na farko, gaisuwa ta ƙare a bakin ƙofar tasha: wanda zai durƙusa ya durƙusa a can, bayan an shiga babu rusunawa, babu Baba, babu Alhaji. Na biyu, kowace safiya kafin a fara aiki a tsaya a jere, kowane yaro ya kira sunan kowane babba da ƙarfi, kamar yana kiran wanda ke tsallaken titi, har bakinsa ya saba. 'Yan kwamitin suka saurara, suka bincika, suka tarar ba Hausawa kaɗai ke da wannan nauyin baki ba. Aka shigar da shi cikin ƙa'idojin ƙungiyar.

Labarin ya iso unguwa kafin kakana ya iso. Ƙanensa, wanda muke kira Ƙaramin Kaka, mai shagon turare ne, kuma shi ake kai wa ƙarar yaran da suka yi rashin kunya. Ya tare shi a ƙofar masallaci a gaban mutane.

"Yaya, ashe makarantar fitsara ka buɗe a bakin ruwa?"

"Ka zo in sa ka aji ɗaya. Muryarka za ta yi amfani."

"Ba wasa nake ba. Mun ƙetaro da tarbiyyar nan daga gida, ba mu yar da ita a Sudan ba, ba mu yar da ita a teku ba, sai kai za ka yar da ita saboda albashin kamfani? Yaron da ya kira sunanka da safe, da yamma ubansa zai kira."

"In ya kira uban nasa, ka kawo mini shi in mare shi da kaina. Amma kai turare kake sayarwa. Kwalba ba ta taɓa cire wa kowa ƙafa ba."

"Ajali dai ba ya wuce lokacinsa."

"Haka ne. To me ya sa kake kulle shago?"

Mutane suka shiga tsakani. Shekaru suka yi ba su ci a faranti ɗaya ba, sai gaisuwar Sallah. Daga baya sun shirya, amma Ƙaramin Kaka bai taɓa cewa ya yarda ba. A zaman makokin ma, da samarin tasha suka wuce, na ji shi ta taga yana cewa, "Ga aikin Yaya nan." Ban san ko zargi ne ko yabo ba, kuma ina jin shi ma bai sani ba.

Samari suka saba. Wasu da dariya, wasu da rufe ido. Mutum ɗaya ne ya gagara, shi ne mahaifina.

Mahaifina ɗan igiya ne a ƙungiyar kakana tun kafin ya auri mahaifiyata. Mutum ne mai kunya ƙwarai. Ni ma a wurinsa na gado. Idan ya hango surukinsa a lungu, canza hanya yake. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Ko yayana da aka sa wa sunan kakan, bai taɓa kiransa da sunan ba, laƙabi ya sa masa tun ranar suna. To ga shi kowace safiya an tsayar da shi a gaban jama'a ana jira ya kira sunan uban matarsa. Sunayen sauran dattawa yakan daure ya faɗa. Idan aka zo kan na kakana sai ya sunkuyar da kai ya yi tari.

"Ban ji ba," in ji kakana.

Sai ya sake tari.

"Ni ba a raɗa mini tari ba. Yalla, na gaba."

Haka kullum. Kuma a tsarin aikinsu mahaifina ne ke tsayawa a turken da ke kusa da kakana, shi ke ganin bayansa idan ya juya yana magana da jirgi ta rediyo. Duk wanda ke ƙungiyar ya san abin da wannan ke nufi: ran shugabansu yana bakin mutumin da ba zai iya kiran sunansa ba.

Kakata ta roƙe shi. Ta ce, "Surukinka ne, ka tausaya masa. Ko ka yafe masa kiran, ko ka mai da shi wani turken ka kawo yaro mai baki kusa da kai."

Ya ce, "A gida surukina ne, ya durƙusa har gwiwarsa ta yi kanta, ina so. A can kuwa, in na yafe masa, gobe wani zai ce wane kawunsa ne, wani ya ce wane malaminsa ne. In na matsar da shi, na gaya wa yaran nan ke nan cewa akwai kunyar da ta fi rai."

"To in igiyar ta zo fa?"

"Sai mu ga abin da na aurar wa 'yata."

Ta ce ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Mahaifina da kansa ya nemi a canza masa wuri, kakana ya ce masa, "Halas, an gama wannan maganar." Ya ci gaba da juya masa baya kowace rana, da saninsa. Na daɗe ina juya wannan a raina. Ban san ko daidai ne mutum ya ajiye ransa haka don koyar da wasu ba. Na dai san ban taɓa jin wani ya yi ba.

Abin ya zo ne gab da aikin Hajji, lokacin da jiragen tumaki ke shigowa daga tsallaken teku. Mahaifina ba ya son ba da labarin. Sai da na zauna kusa da shi bayan an watse a rana ta uku, na yi shiru har ya gaji da shiruna. Ya ce da rana ne, iska ta taso daga arewa tana tura jirgin baya daga rasif. Kukan tumaki ya cika ko'ina, ga wari, ga ƙarar inji. Igiyar gaba ta maƙale a ƙarƙashin robar da ke kare jikin dakali, ta karkace, hanyar dukanta ta bar inda aka yi fenti. Kakana yana tsaye a wurin da kowa ya san lafiya ne, ya juya baya, rediyo a kunnensa. Mahaifina ya ga ruwa yana tsattsafowa daga jikin igiyar kamar ana matse wanki.

Na tambaye shi me ya yi tunani. Ya ce bai yi ba. Ya ce ya dai ji wata murya ta cika tashar da sunan, da kalma ɗaya a bayansa, "Kauce," kuma sai daga baya ya gane tasa ce. Kakana bai waiwaya ba, bai tambaya ba. Ya yi abin da yake koya wa yara, ya faɗa gefe ya kwanta. Igiyar ta wuce ta inda ƙirjinsa yake, ta lanƙwasa sandar fitilar da ke bayansa.

Mahaifina ya ƙarasa aikin, aka ɗaure jirgin. Daga nan bai jira bas ba, da ƙafa ya taho gida har unguwar Kurayyat, inda iyayena ke zaune a lokacin, ya shiga ɗaki ya rufe. Mahaifiyata ta ce ta ɗauka mutuwa aka yi. Ya daina bin lungun Sa'alaba gaba ɗaya. A wurin aiki ba ya haɗa ido da kowa. Mutane suna yi masa barka, shi kuwa abin da ke ransa shi ne ya tsaya a gaban duniya ya kira sunan uban matarsa kamar yana korar akuya.

Da abin ya yi tsawo, kakana ya yi abin da dattijo ba ya yi. Ya sa babbar riga ya zo gidan surukinsa da kansa, ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa. Mahaifina ya fito ya zube a ƙasa, ya kasa ko gaisuwa. Mahaifiyata tana bayan labule. Ta ce kakana ya daɗe yana kallon ƙeyarsa, sannan ya ce, "Ashe kana da murya. Har na cikin jirgi sun ji, sun ɗauka su ake nema." Ya ƙara da cewa, "Mahaifiyata ce ta ƙarshe da ta kira ni haka. Allah Ya yi maka albarka." Ya sa takalminsa ya tafi, ko shayi bai tsaya sha ba.

Washegari da safe aka tsaya a jere. Aka zo kan mahaifina. Ya sunkuyar da kai ya yi tari.

Kakana ya ce, "An ji. Na gaba."

Mahaifina bai sake faɗar sunan ba har kakana ya yi ritaya, har ya rasu. Sau ɗaya ya faɗe shi a rayuwarsa. Da na tambayi mahaifiyata yaushe ne wannan ya faru, ta ce ai lokacin tana da cikina, watanni ya rage ta haife ni. Sai na ajiye biro. Ashe hannun da ya yi mini tahniki, ya goga mini dabino a baki ina jaririya, da tsokanar amarya, da rakiyar da yake yi mini zuwa shagon littattafai ya tsaya a waje don ba ya karanta boko, duk a cikin shekarun da suka biyo bayan kiran nan suke. Allah ne Ya ƙaddara masa kwanakin, kuma Ya bi da su ta bakin mutumin da ya fi kowa kunya a Jidda.

Ya Allah, bawanKa ya iso gare Ka. Ya ajiye girmansa a bakin ƙofa shekara da shekaru don 'ya'yan mutane su koma gida da ƙafafunsu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka ba kakata haƙurin rashinsa. Ranar da za a kira kowa da sunansa, Ka sa ya ji nasa cikin waɗanda ake kira zuwa rahama.